Tayar da Tsohuwar Golf a Ƙofar Gida

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Zariya a watan Janairu ko Fabrairu, daga Karfi ya ratsa Kura har Kwanar Gafan, ba sai an gaya masa wace mota ce ke riƙe da yankin ba. Manyan motoci ne ke kwasar tumatir zuwa Kudu, amma wadda ke shiga bakin gona ta fito da kwanduna, ta kai taki, ta dawo da 'yan ƙwadago, da daddare kuma ta kai mai naƙuda asibiti, ita ce Golf, galibi Golf 3. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fito da ita a 1991, ta zama motar shekara ta Turai a 1992, mai dogon baya ta biyo a 1993, kuma kafin shekarar 2000 an daina ƙera su duka biyun. Ke nan ƙaramar cikinsu ta haura shekara 25.

Ga masu gudu, ga kuma waɗanda suka kwanta. A Kura, Bunkure, Kadawa da Garun Malam ba a rasa ganin wata a gindin darbejiya, tayoyi sun sace, kaji suna shan inuwa a ƙarƙashinta. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, naira kuma ta faɗi, ko motar Baljam ta fi ƙarfin matsakaicin manomi, sai ido ya koma kan waɗannan kwantattun. Matasan da suka tashi suna kwance injin ban-ruwa suna ɗaurawa na ganin ba abin da zai hana su tayar da mota. Suna da gaskiya, amma da sharaɗi: kuɗi su fara tafiya inda ido ba ya gani. Aikin da aka fara da fenti da rim mai sheƙi, a gindin wata bishiyar yake ƙarewa.

Takarda ce farko, tun kafin a buɗe bonet. Golf 3 ba irin Beetle ba ce da aka haɗa a Legas, ko 504 da Peugeot ta haɗa a Kaduna tun 1975. Kusan duk shigo da su aka yi a matsayin na hannu, wasu ta tashar jiragen ruwan Legas, da yawa ta Kwatano, kafin gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa daga Janairu 2017. Don haka ana neman takardar kwastan, da shaidar mallaka, da rasit ɗin duk cinikin da aka yi a kanta. Sannan a gwada lambar shasi da ke takarda da wadda aka buga a jikin ƙarfen motar, a bayan inji. Haruffa da lambobi 17 ne. Ta Jamus tana farawa da WVW, a tsakiya akwai 1H, alamar Golf 3, harafi na goma kuma shi ke faɗin shekara: N 1992, P 1993, R 1994, S 1995, T 1996, V 1997. Dillali ya ce ta 1997 ce alhali harafin P ne, to an san da wa ake ciniki. In aka ga alamar gurza ko walda a kewayen lambar, a yi sallama a tafi, komai arhar motar. A yi cinikin a gaban shaidu, a rubuta, mai unguwa ya sa hannu in da hali.

Bayan takarda sai bodi, kuma a nan ne ake cin riba ko a tafka asara. Inji ana sauke shi a ɗora wani cikin kwana biyu. Ƙarfen da tsatsa ta cinye sai an yanka an ɗinka, kuma ba ya komawa yadda yake. Golf 3 ta zo da ciwonta tun daga Turai, inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. A nan kuma ta tarar da abin da ya fi gishiri: takin yuriya da ke zubewa daga buhu ya sha raɓa, ruwan tumatir da ke tsiyaya daga kwando ya kwanta a ƙarƙashin kafet, da taɓon hanyoyin gona da ke manne wa ƙasan mota tun daga Yuni har Oktoba.

Kayan binciken uku ne: tocila, sukudireba, da ɗan maganaɗisu, ko da na tsohuwar sifika ne. A ɗaga kafet ɗin gaba da na baya, a cire safaya a duba raminta. A kwanta a gefen motar a bi dokin da ke ƙarƙashin ƙofofi da bakin sukudireba, ana dannawa. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara. Ruɓaɓɓe yana lotsawa, wani lokaci sukudireban ya shige gaba ɗaya, jar ƙasa ta zubo wa mutum a fuska. A duba inda kan shokozoba ke ɗaure a cikin bonet, da inda ƙafar baya ke kama bodi. Maganaɗisun kuma a bi da shi kan ƙofofi da kumatun tayoyi: inda ya ƙi kamawa, fila ce aka cika aka shafe da fenti. Ɗan rami a dandaɓen ƙasa ba komai ba ne, mai walda zai toshe. Amma in ruɓar ta kai mazaunin shokozoba ko inda ƙafa ke ɗaure, ko kuma ƙofofi ba sa rufuwa daidai saboda bodin ya lanƙwashe da lodi, wannan ba motar gyara ba ce, ta sayar da kayan jiki ce.

"Alhaji, batir kawai za ka sa mata ta tashi." Kusan kowane mai sayar da kwantacciyar mota haka yake cewa, kuma kada a yarda a gwada. Injin da ya shekara bai juya ba, baƙin mai ya gangare ƙasa ya bar sama a bushe, fetur ɗin tanki kuma ya lalace ya zama kamar danƙo. A cire fulogi huɗun, a ɗiga ɗan baƙin mai a kowane rami, a bar shi ya kwana, sannan a kama notin kiranshaf da sifana a juya da hannu. In ya zagaya sumul, akwai fata. A zare gejin mai, a buɗe murfin da ake zuba shi: in man ya koma fari-fari mai kauri, ruwa ya haɗu da mai, gaskit ɗin tof silinda ya ƙone ko tof ɗin ya tsage. Daga nan a nemi bakanike mai agogon auna matsin inji. Silindar da matsinta ya faɗi ƙasa da bar 7 ta gaji, kuma bambancin da ke tsakanin silinda da 'yar'uwarta bai kamata ya wuce bar 3 ba. Wannan awo na rabin sa'a shi ke raba gardama tsakanin a yi wa injin ringi da a nemo wani a kasuwar Ƙofar Ruwa.

Lokacin aikin ma yana bin kalandar gona. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya sa mutanen wannan yanki ba su da rani irin na sauran manoma: alkama da tumatir daga Nuwamba zuwa Maris, shinkafa da damina. Kuɗi na shigowa ne bayan girbin rani, don haka a nan ake sayen motar da manyan kaya. Aikin ƙarfe da na inji su ci bazara da damina a ƙarƙashin rumfa, fenti ya jira Oktoba. Wanda ya ƙudurta cewa sai ya shiga motar ranar Sallah, shi ne zai tsallake birki.

Wuri kuma ya zama mai daɓe, ba rairayi ba. Ba a shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, ba a kuma ɗora ta a kan bulon siminti, domin bulo ba ya gargaɗi, farfashewa yake yi lokaci guda. Guntayen katako masu kauri ko ƙafafun ƙarfe da mai walda zai haɗa su ne abin dogaro, a kuma tare tayoyin da ke ƙasa da dutse. Sifanonin da za su fi aiki su ne 10, 13, 17 da 19. Kafin a kwance komai a ɗauki hotonsa da waya, kowane noti ya shiga gwangwanin da aka rubuta wa suna, kowace waya a manna mata takarda. Bayan wata huɗu ba wanda ke tuna wace ja ce ta tafi ina, kuma yaran gida suna son noti.

Ba duk aikin ne na gida ba, kuma sanin iyaka na cikin sana'ar. Kwancewa, wankewa, gurza tsatsa, canza tiyo, filta, fulogi, fad ɗin birki da shokozoba, duk mai haƙuri zai iya. Walda, gyaran tof silinda da buɗe giya na masu su ne. Sai dai mai mota ya tsaya a kan mai walda. Kafin a kunna wuta a cire kan batir, a zare ƙwaƙwalwar motar in tana da ita, a fitar da kujeru da kafet da auduga, a sauke tanki. Tankin Golf 3 na roba ne, lita 55 yake ci a ƙaramar, kuma tiyon fetur da bututun birki suna bin ƙarƙashin dandaɓen da za a yi wa walda. A ajiye bokitin ruwa da na yashi kusa. Abin da ake so shi ne a yanke ruɓaɓɓen wurin har sai an kai ƙarfe mai haske, a yanko sabon faranti daidai ramin a ɗinke shi zagaye. Ɗora faci a kan tsatsa daidai yake da yi wa katangar da ruwa ya ci gindinta sabon yaɓe. Bayan walda a shafe ɗinkin da fentin hana tsatsa ciki da waje, a bi ƙasan motar da baƙin shafi mai kauri.

In an zo inji, wanda ya fi dacewa da yankin shi ne 1.8 mai bawul takwas: ba shi da fitina, kayansa sun cika kasuwa, kuma ba bakaniken da bai san cikinsa ba. Mai 2.0 ya fi ƙarfi ya fi shan mai. VR6 mai silinda shida abin sha'awa ne a hoto, amma a hanyar Bunkure azabar aljihu ne kawai. Wanda zai sayi injin Baljam kada ya aika, ya je da kansa tare da bakanikensa, a juya injin a gabansa, a kuma rubuta kwanakin da aka ba shi na gwaji a rasit. Ko tsohon injin aka riƙe ko sabo aka ɗora, taimin bel da abin ɗaure shi sai an canza nan take, domin ba wanda ya san ranar da aka sa na ciki, kuma agogon kilomita na irin waɗannan motoci ba shaida ba ne. Baƙin mai kusan lita huɗu ne da filta. Wayoyin fulogi suna bin tsarin 1-3-4-2. Wanda ya juya biyu zai ji injin yana tari yana harbi ta salansa.

Sanyaya inji ya cancanci a daɗe a kansa, domin a nan ne aka fi kashe Golf a ƙasar Kano. Al'ada ce ta gareji a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye da makulli, a ce ai motar ta ƙasar sanyi ce. Wannan kuskure ne da ya samu gindin zama. Tamostat ɗin wannan inji yana buɗewa a wajen digiri 87, kuma zafin da aka tsara injin ya yi aiki a kai ke nan, ko a Jamus ko a Kadawa. In aka cire shi, da asubar hunturu injin ba ya ɗumama da wuri, na'urar da ke auna zafi tana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa har yanzu da sanyi, ita kuma tana ta ƙara fetur. Mai na ƙonewa a banza, fulogi na yin baƙi, ringi na ci. Motar da ke zafi a watan Afrilu, lokacin da rana ke kai digiri 40, galibi ba tamostat ne laifinta ba. Laifin na lagireton da ya toshe ne, ko famfon ruwa da fukafukansa suka cinye, ko murfin tulun ruwa da ya daina riƙe matsi, ko maƙogwaron robar da ke jikin tof silinda, wanda ke tsagewa da tsufa yana ɗigar da ruwa a ɓoye. A canza waɗannan, a mayar da sabon tamostat, a gyara makunnin fanka da ke jikin lagireto.

Sai abin da ake zubawa. Motar gona tana tsayawa a bakin kanal, ruwa ga shi nan kyauta, sai a ɗebo da galan a ɗura. Ruwan nan yana ɗauke da laka da gishirin taki, kuma shi ke mayar da cikin lagireto ja. Kusan lita shida lagireto da inji ke ci duka. Ruwan sanyaya inji na kanti gauraye da ruwan batir, wato tataccen ruwa, bai kai kuɗin gaskit ɗaya ba.

Gardamar da ba ta ƙarewa a gareji ita ce ta injekta da kafireta. Yawancin Golf 3 masu 1.8 sun zo da injekta guda ɗaya a sama, mai kama da kafireta a ido, kuma da ta fara gardama sai bakanike ya ce, "Oga, mu mayar da ita kafireta ka huta." Hujjarsa ba ta banza ba ce: kafireta ana kwance ta a bakin gona a busa a mayar, ba ta neman na'ura. Amma sau da yawa abin da ke damun injektar ƙarami ne, ko na'urar auna zafi, ko robar da ke ƙarƙashinta ta tsage tana shan iska, ko kwayil ya tsage, ko wayar as ta yi tsatsa. Injekta mai lafiya ta fi kafireta tsimin mai, kuma a farashin fetur na yau wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hukuncin da ya fi adalci shi ne: in wayoyin motar da ƙwaƙwalwarta suna nan ba a yi musu kaca-kaca ba, a gyara injekta. In an riga an yanyanke su, a sa kafireta, amma da sharaɗin a canza famfon mai ko a sa abin rage matsi, domin famfon injekta ya fi ƙarfin kafireta, yana cika ta har fetur ya malalo kan inji mai zafi.

Giya ba ta cika ba da wahala ba in da mai a cikinta. Kusan lita biyu take ci, kuma in ya ragu, giya ta biyar ce ke fara ƙonewa, saboda ita ce a can gefe. Sandar giya da ke lilo kuwa yawanci 'yan robobin haɗi ne suka cinye, ba giyar ba.

Ƙafa da birki ba a yi musu rowa. Boljoyin, tayirod, bushin, robar shaf da ta yage tana shan yashi, boris ɗin baya da ake wankewa a sa giris a ɗaure daidai, duk a bi su ɗaya bayan ɗaya. Man birki DOT 4 ne, yana shan danshi, don haka ana zubar da shi a sa sabo duk shekara biyu. A duba bututun birki na ƙarfe daga gaba har baya, a canza tiyon roba da ya fara tsagewa. Abin da aka saba gani na toshe layin birkin taya ɗaya da ƙusa don yana yoyo, ganganci ne da ran mutane. Taya kuma tana da ranar haihuwa a gefenta, lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana ɗaukar tayar da ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda ta ƙare aiki, ko da zanenta bai goge ba. Girman da motar ta saba da shi 175/70 R13 ne ko 185/60 R14.

Wuta tana da sirri ɗaya da ya kamata kowa ya sani. A gindin gilashin gaba akwai kwata da ke fitar da ruwan sama. Ganyen darbejiya da ƙaiƙayin shinkafa suna toshe ta, ruwa ya taru ya gangaro kan akwatin fiyus da ke ƙarƙashin sitiyari. Daga nan fitilu su fara wasa, waifa ta tashi da kanta. A share kwatar kafin a kira mai riwaya. Batir mai lafiya yana nuna 12.6 a tsaye, in inji na aiki kuma tsakanin 13.8 da 14.4. Fiyus da ya ƙone a sa masa irinsa, ba zaren waya ko takardar sigari ba.

Yanzu sai gyare-gyaren da za su sa motar ta dace da wurin. A Turai masu sha'awar Golf saukar da ita ƙasa suke yi har ta kusa shafar kwalta. A nan akasin haka ake bukata, saboda hanyoyin da ke bin gefen kanal da kwalbatoci masu tudu. Ɗagawa kaɗan, santimita biyu zuwa uku, da sifirin mai ƙarfi, ya wadatar. In aka wuce haka shaf yana karkacewa, robarsa ta riƙa yagewa, motar kuma ta riƙa tangaɗi a kwana. Akwai abin da ake mantawa: da yawansu suna da wani bawul a jikin ƙafar baya da ke daidaita ƙarfin birkin baya gwargwadon nauyin kaya. In an ɗaga baya sai an sake saita shi, ba a cire shi a yar ba. Abu na biyu, wanda ya fi kowane ado amfani, shi ne faranti mai kauri a ƙarƙashin kaskon baƙin mai, a ɗaure shi da noti yadda za a iya cirewa ranar juye. Dutse ɗaya a hanyar gona ya isa ya huda kaskon, kuma direban da bai lura da jar fitila ba zai buga inji kafin ya kai kwalta. Na uku, a shimfiɗa tabarmar roba mai baki a but, wadda za a ciro a wanke bayan an sauke tumatir ko taki. Filtar iska kuwa a bar ta a akwatinta na asali. Buɗaɗɗiyar filtar da samari ke sawa don ƙara, ƙurar hunturu take tura wa inji.

Sifirin mai ƙarfi ba ya mayar da Golf a-kori-kura. Abin da aka ƙera ta ta ɗauka, da mutane da kaya, yana wajen kilo 500 ne, wato buhun taki goma ba tare da direba ba. Kowa ya san ana ɗora mata ninkin haka, but a buɗe an ɗaure da igiya, mutum biyu a kujerar gaba. Tana ɗauka, amma birkinta da boris ɗinta da bodin da aka sha wahalar ɗinkewa su ke biya. Wanda ya kashe kuɗin girbi guda a kan mota ya fi kowa dalilin yin sawu biyu.

Maganar mayar da mota mai amfani da iskar gas ta CNG ta yi ƙarfi tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirinta a 2023. Injin Golf yana karɓa, amma wannan ba aikin ƙofar gida ba ne ko kaɗan. Matsin da ke cikin tulun ya kai bar 200. A Oktoba 2024 wata mota ta tarwatse a gidan gas a birnin Benin saboda tulun da aka haɗa da walda. Tulun gas ɗin girki ma ba ya wannan aiki. Sai cibiyar da aka amince da ita, kuma kafin nan mutum ya lissafa nisan gidansa da inda zai riƙa ɗurawa, da rabin but ɗin da tulun zai cinye.

Fenti ne na ƙarshe, kuma kyansa a shiri yake. Gurzawa da sanfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, aikin gida ne da zai rage kuɗin mai fenti sosai. Fila siririya ake so, don gyara 'yar lotsawa; inda ta yi zurfi mai kwankwasa ya fito da ƙarfen tukuna. Tsakanin ɗaukewar ruwa da saukar hazo, wato Oktoba zuwa farkon Nuwamba, shi ne lokacin da iska ba danshi ba ƙura. A yi feshi da sassafe, a yayyafa wa ƙasa ruwa, a kewaye rumfar da leda, mai feshin ya sa abin rufe hanci na gaske, ba ƙyalle ba, domin fentin da ake gaurayawa da sinadarin busarwa yana illa ga huhu. Fari da ruwan azurfa sun fi jure rana, sun fi ɓoye ƙura. In an canza launi a je ofishin lasisi a gyara takarda, gilashi mai duhu kuma yana bukatar izinin 'yan sanda.

Abu ɗaya da ya shafi wannan yanki fiye da ko'ina: baƙin man da aka juye, da ruwan lagireto, da tina, kada ɗigo ya shiga kwata ko kanal. Ruwan da Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are ke sakowa, shi ne ke shiga shinkafar maƙwabci, shi dabbobi ke sha, a cikinsa yara ke wanka. A tara man a jarka. Masu injin niƙa da masu katako suna nemansa.

Ranar da aka tayar da ita, a bar ta ta yi aiki a tsaye har fanka ta tashi ta mutu da kanta sau biyu, ana leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. A kai ta a daidaita ƙafa. Fitar farko ta zama gajeriya, ba kaya ba fasinja, a gwada birki a hanyar da ba mutane. Bayan kilomita 50 a sake bin notin tayoyi, bayan 1,000 a juye mai in an yi wa injin ringi. Sannan a kai ta wajen jami'an duba mota, VIO, a karɓi takardar lafiyar mota, a sabunta lasisi, a yi inshora ta gaske ba ta bakin titi ba. Mai karatu da ke da kwantacciyar Golf a ƙofar gida, kafin ya tambayi kuɗin fenti, ya ɗauki tocila da sukudireba ya shiga ƙarƙashinta tukuna.